Rigar da Na Kwana da Ita

Shekarun baya can, lokacin ina budurwa da sabuwar takardar digiri a ƙasan akwati, na kusa rasa ɗakina da aikina a Umdurman saboda rigar barci. Na san in an faɗe shi haka a taƙaice kamar wasa ne, kuma mai yiwuwa wasunku su ce na cika girmama ƙaramin abu. Ba zan musa ba, halina ne tun ina ƙarama. Amma bari in ba ku shi yadda ya faru, gwargwadon abin da nake iya tunawa.

Mu Hausawan Jazira ne, can kudu da Khartum. Iyayena a gonakin auduga suka ƙare ƙarfinsu, kuma ni ce ta farko a danginmu da ta taka jami'a. Da na gama, na samu aiki a wata ma'aikatar gwamnati a Khartum. Mahaifina bai so ba. Sai da kawuna, wanda ke aikin walda a unguwar Alshajara ta Khartum, ya je har ƙauye ya zauna da shi, sannan ya yarda bisa sharaɗi guda: in zauna a gidan Hausawa, ƙarƙashin idon dattijuwar da aka sani. In hakan ya gagara, ko ya yiwu daga baya ya lalace, to in tattara in dawo gida. Mahaifina ba ya faɗin magana sau biyu.

Gidan kawuna ɗaki ɗaya ne da rumfa, ga mata ga yara, babu inda za a sa ni. Shi ya nemo min wuri a wata tsohuwar unguwa ta Umdurman, ba nisa da kasuwa. Mai gidan dattijuwa ce da mijinta ya rasu. Kakanta ya taso daga ƙasar Kano zai je Makka a ƙasa, ya tsaya a nan neman guzuri, guzurin bai taɓa cika ba. Kowa Habboba yake kiranta, wato kaka. Ban da ita akwai 'yan haya biyu: matar wani tela, mace mai baki da ba ta iya ganin abu ta yi shiru, da matar wani direban lori, wadda magana ba ta dame ta ba. Shi telan, da an sallame sallar asuba yake ficewa shago, direban kuwa yawanci yana kan hanya, saboda haka da safe tsakar gidan ta mata ce zalla.

Ranar da zan bar ƙauye, mahaifiyata ta raka ni har bakin titi. Tana gyara min lulluɓi ta ce, "Gidan mutane za ki. Kada ki yarda rana ta fito ta same ki da kayan da kika kwana da su. Ki yi wanka, ki shirya, sannan ki fito ki gaida mutane. Kada a ce 'yar masu tsintar auduga ba ta san kanta ba."

Na riƙe maganar nan kamar yadda nake riƙe duk wani umarni, wato fiye da yadda mai ba da shi ya yi nufi.

A wancan zamanin duk macen da ke aikin gwamnati farin tob take sawa, dogon lulluɓin nan da ake naɗawa daga kai har ƙafa. Kullum da na idar da sallar asuba sai in yi wanka tun kafin kowa ta buɗe ƙofa, in zuba gawayi a dutsen guga, in goge tob ɗina har ya yi santsi, in naɗa, in sa takalmi, in duba madubi, in sake dubawa. Duk wannan lokacin ina jin su a madafa. Madafar rumfar kwano ce a kusurwar tsakar gida, bangonta baƙi ƙirin da hayaƙi. Akwai murhun gawayi biyu, da doka, faifan ƙarfen da ake toya kisra a kai, siririyar wainar dawar nan mai tsami da ake ci da miya. Nakan ji ƙarar cokali a kofi, in ji matar tela ta kwashe da dariya, in ji Habboba tana ce mata, "Ke, Allah ya shirye ki."

Da na yi sallama sai komai ya tsaya.

Matar tela, da ke cikin rigar barcinta ta nailan ruwan hoda, kai ba ɗankwali, takan laluɓo ko wane tsumma ne ta yafa. Matar direba ta ƙara jan ɗaurin ƙirjinta sama. Habboba kuwa sai ta dafa gwiwa ta miƙe, ta shiga ɗakinta ta ɗauko kujerar ƙarfe mai saƙar roba, ta ajiye min a wajen rumfar, inda hayaƙi ba ya kaiwa.

"Tafaddali, zauna, Ustaza. An tashi lafiya? Ya kwanan baƙunta?"

Sai a kawo min shayi da madara a kofin gilashi mai zanen ruwan zinari a baki, a kan faranti, da ruwan sha a gefe. Su kuwa a kofunan ƙarfe suke sha, a tsugune kan bambar, 'yan kujerun nan gajeru. Ina sha suna kallon wuta. In na yi tambaya a amsa min da ladabi. Da na ajiye kofi na yi sallama, kafin in kai ƙofar gida sai in ji dariyar ta ci gaba daga inda ta tsaya.

Makon farko na ce don ni sabuwa ce. Wata ya wuce, wani ya bi shi, ana nan ana tambayata kwanan baƙunta.

A cikin bas, muna tsallaka gadar Farin Nilu, nakan jingina kai da taga in shiga binciken kaina. Ko gaisuwata ce ba ta cika ba? Ko Hausata ce ta ƙauye, tunda su tasu rabi Larabci ce? Ko sun ji labarin iyayena leburorin gona ne, shi ya sa aka ware min kofi? Wannan na ƙarshen shi ya fi zama a raina, duk da ba ni da wata hujja, kuma kofin nawa shi ne mafi kyau a gidan. A ofis ni ce 'yar Hausawan nan da ake mamakin yadda ta iya rubuta Larabci. A gidan Hausawa kuma ni ce Ustaza. Akwai ranakun da in na ƙirga, ban da gaisuwa da maganar aiki, ban yi hira da kowa ba tun safe har na kwanta.

Na gwada gyarawa ta hanyoyin da na sani. Wata rana na dawo da zalabiya mai zafi, irin fankensu, da ƙullin sukari na kai wa Habboba. Ta yi ta godiya har na ji kunya. Washegari da rana aka aiko min da abinci na musamman har ɗaki, a rufe da faifai. Ke nan na sayo wa kaina cin abinci ni kaɗai. Wata safiya kuma na yi ƙarfin hali, na tashi daga kujerata na sunkuya zan ɗauki mafici in hura musu wuta. Matar tela ta yi tsalle kamar na taka maciji.

"La'ilaha! Ustaza, tob ɗinki! Tartsatsi ɗaya ya faɗa masa shi ke nan, mu shiga uku. Koma ki zauna, don Allah koma."

Na koma na zauna. A raina na ce ba sa so in taɓa musu kayan abinci ne. Daga ranar na daina zuwa madafar. Nakan yi sallama daga nesa in wuce, in sha shayina a tsaye wurin wata mai shayi a tashar bas. Ranar Juma'a, da ba aiki, nakan zauna a ɗaki da littafi a buɗe kan cinya, ina jin su suna kitso a inuwa, ba tare da na juya shafi ba.

Wata Juma'ar ce kawuna ya zo. Muka zauna a zaure. Ya daɗe yana juya hularsa a hannu kafin ya ce, "Habboba ta aiko min. Ta ce ga alama ba ki jin daɗin gidan, su ma kuma abin ya yi musu nauyi. Ta ce in sabon wata ya kama in nema miki inda ya dace da ke."

Na ce, "Kawu, wani laifi na yi?"

"Na tambaya. Ta ce tunda take ba ta taɓa ganin yarinya mai ladabi irinki ba." Ya ɗaga kafaɗa. "Nan ne ni ma kaina ya kulle. Kuma gaskiya ban san wani gidan ba. Kin dai san maganar babanki."

Na sani. Bayan ya tafi na zauna kan gadona ina kallon akwati. Na ga kaina na koma ƙauye, na ga matan da suka ce tun farko karatun mace ɓata lokaci ne suna zuwa yi min sannu da zuwa ɗaya bayan ɗaya.

Sai da na kwana biyu ina tsara abin da zan faɗa, sannan na sami Habboba da la'asar tana soya 'ya'yan gahawa a bakin ɗakinta. Tana ganina ta yunƙura za ta ɗauko kujera. Na roƙe ta ta bari, na tsuguna.

Na ce, "Habboba, ban sani ba ko zai yiwu, in ba damuwa, in ɗan tambaya, wato idan akwai wani abu da mai yiwuwa na yi ba da sanina ba..."

"Ustaza, faɗi maganar, gawayi na cinyewa."

"Me ya sa za ki sallame ni?"

Ta ci gaba da juya gahawar. Ta ce, "Ba abin da kika yi. Mu ne muka gaji. Dubi gwiwoyin nan, kullum sai sun je ɗauko kujera. Safiyar nan ita kaɗai ce tamu a gidan nan. Maza sun fita, kowace ta fito yadda ta tashi, da kwantsarta da komai. Sai ke ki shigo fes kamar za a ɗauke ki hoto, sai kowace ta tuna ba ta wanke ido ba. Matar tela ta ce min tun zuwanki ba ta yi susa son ranta ba. Da kika daina zuwa kuma muka ce to, ta gaji da ganin ƙazantarmu."

"Amma Habboba, ni ban taɓa cewa a ɗauko min kujera ba."

"Tob ɗinki ya ce. Wa zai zaunar da farin tob a kan bambar cikin toka?" Ta ɗago ta dube ni. "Tun yaushe kike gidan nan, ban san irin kitsonki ba. Ban ma san ko kina da gashi ba. Wadda ban taɓa ganin kanta ba, ta yaya zan buɗe baki in ce mata miƙo min gishiri?"

Na gaya mata abin da mahaifiyata ta ce min a bakin titi. Ta gyaɗa kai a hankali.

"Allah ya saka mata. Ta koya miki zama baƙuwa, kin kuma iya."

Ta juye gahawar a turmi ta fara daka. Ba ta ce ta janye maganarta ba, ni kuma na ji tsoron tambaya.

Yanzu wani zai ce ai magana ta ƙare, gobe sai ki fito da rigar barcinki. To, a nan ainihin matsalar take. Rigar da nake kwana da ita mahaifiyata ce ta ɗinka min da hannu tun ina makarantar sakandare, da damuriya, yadin audugan nan mai kauri da talakawa ke saya. Ta sha wanki har ta koma kalar ƙasa. Ta yage a kafaɗa, an yi mata faci da wani shuɗin ƙyalle da aka yanko daga tsohuwar rigar mahaifina. Ta kuma ɗage min, da ƙyar take rufe gwiwa. Ko a ɗakin kwanan ɗalibai sai an kashe fitila nake sa ta. Duk wanda ya ga rigar nan ya ga ƙauyenmu, ya ga gonar audugar, ya ga komai.

Saboda haka na yi abin da a lokacin na ga shi ne hankali. Na tashi aiki na wuce Kasuwar Umdurman, layin masu yadi. Na zagaya sau da yawa kafin in iya tsayawa gaban wani mai kayan mata. Na ce masa ƙanwata ce za ta yi aure, ko da yake bai tambaye ni ba. Na sayi rigar barci ta nailan, ruwan sararin samaniya, mai leshi a wuya, irin ta matar tela amma ta fi tata.

Da daddare a tsohuwar na kwana, don kada sabuwar ta yamutse. Da asuba na yi wanka kamar kullum. Na fito da sabuwar daga leda sai na ga duk layin ninki a jikinta, na ce ba zai yiwu a gan ni haka ba. Na hura gawayi na goge ta, a hankali, da ƙyalle a sama don kada ta narke. Na ɗaura sabon ɗankwali. Ina jin har turare na ɗan shafa, amma wannan ba zan rantse ba.

Na yi sallama a bakin madafa.

Matar tela ta dube ni daga sama har ƙasa. Ta miƙo hannu ta kama hannun rigar, inda karin guga ya tsaya cak.

"Ya salam. Ustaza, rigar barci da karin guga? A tsaye kika kwana?"

Ta fashe da dariya har tana dukan cinya. Matar direba, wadda ban taɓa jin sautin dariyarta ba, ta rufe baki da zane kafaɗunta na rawa. Dariyar da na yi watanni ina jiyowa ta bango ga ta yau a gabana, amma ni ake yi wa. Habboba ba ta yi dariya ba. Ta dube ni jim, sannan ta dafa gwiwa ta miƙe, ta shiga ɗaki ta ɗauko kujerar.

Na zauna a kanta cikin rigata mai leshi, na shanye shayin a kofin gilashi, na yi godiya. A bas ranar na juya fuska ga kogi har muka sauka, don kada ta kusa da ni ta gani.

Na koma wurin mai shayin tasha. Wata ya yi nisa, saura kaɗan ya mutu. Na fara ninke kayana ina jerawa a akwati, na kuma fara tunanin yadda zan gaya wa shugabana a ofis.

Juma'ar ƙarshe ta watan, na idar da asuba na koma na zauna bakin gado. Na ji an buɗe ƙofofi, na ji an fasa gawayi, can ƙanshin kisra ya shigo ta ƙasan ƙofa. Zan so in ce jarumta ce ta tashe ni, amma ina ganin ba ita ba ce. Na dai duba ne na ga ɗakin ya riga ya tafi, aikin ma haka, to mutuncin wa ya rage nake tsarewa? Na ce aƙalla sau ɗaya kafin in tafi in sha shayin gidan nan da zafinsa, kusa da wuta. Ban duba madubi ba, don na san in na duba ba zan fita ba. Na zura silifa na buɗe ƙofa, kaina a buɗe, da damuriyata da shuɗin facinta.

Tsakar gidan nan ba ta da wani girma, amma ranar na ji tsawonta.

Na isa bakin madafa. Babu wadda ta laluɓi abin yafawa. Matar tela ta ajiye ludayin ƙullun da ke hannunta, ta miƙe, ta zagayo bayana tana leƙen kaina.

"Innalillahi. Wa ya yi miki wannan kitson? Kuma tun yaushe?"

"Ni nake yi wa kaina, da madubi."

"Ai ya nuna, wallahi ya nuna. Dubi tsaga kamar hanyar awaki. Yau ba inda za ki sai na tsefe shi."

Habboba ta miƙo hannu. Ta kamo gefen rigar tana murzawa tsakanin yatsu, ta jawo ni kusa ta dubi wuyan.

"Ɗinkin hannu," in ji ta, kamar da kanta take magana. "Mahaifiyata ma haka take yanka wuya." Ta saki rigar ta koma kan tukunyarta. Ina nan tsaye ban san inda zan sa hannuna ba, sai ta ɗago a fusace. "Ke! Tsaya mana za ki yi a ka? Ja bambar ki hura wutar nan, madara na jira."

Ke. Tun da na zo gidan ba a taɓa kirana haka ba. Na jawo bambar na zauna, na ɗauki mafici na shiga fifita da dukan ƙarfina, toka ta tashi ta faɗa cikin madarar.

"A hankali, 'yar Jazira, gidan za ki tayar?" in ji matar tela. "Habboba, kin ga abin da kika jawo mana."

Matar direba ta miƙo min kofin ƙarfe mai ɓararren baki ba tare da ta dube ni ba, tana ci gaba da ba da labarin da na katse. Shayin yana ɗanɗanon toka. Na riƙe shi da hannu biyu na sunkuyar da kai, na bar su suka ɗauka hayaƙi ne ya shiga min ido.

Ba wanda ya sake tayar da maganar sallama. Da wata ya kama kawuna ya zo da fuskar jaje, Habboba ta leƙa zaure ta ce, "Wace magana kuma? Bar ta nan. Ta fara koyon kisra, duk ta ƙone min doka, ba inda za ta sai ta iya." Daga nan tsarin safiyata ya juye: madafa tukuna, sannan wanka, sannan tob. Na ɗan riƙa makara, kuma wata abokiyar aikina ta taɓa tambayata ko a gidan gawayi nake kwana. Ban damu sosai ba. Na ɗan damu, amma ba sosai ba.

Abu ɗaya ne ya rage min: ban gaya wa mahaifiyata ba.

Bayan kamar shekara ta zo Khartum a duba mata ido, ta sauka a ɗakina. Safiyar farko tun kafin in gama addu'a ta yi wanka, ta naɗa tob ɗinta na zuwa biki, ta fita gaida mutanen gida. Na zauna bakin gado ina kallon farin tob ɗina a rataye. In na sa shi, na koma Ustaza a gaban matan da suka tsefe min kai. In ban sa ba, mahaifiyata za ta ga na karya magana ɗaya tak da ta raka ni da ita. Na daɗe a zaune. Sai na ji muryar Habboba, "Ina yarinyar nan? Wutar za ta hura kanta ne?"

Na fita yadda nake.

Mahaifiyata na zaune a kan kujerar ƙarfe, a wajen rumfa, inda hayaƙi ba ya kaiwa, kofin gilashi mai ruwan zinari a hannunta. Ta dube ni. Ta dubi kaina a buɗe, ta dubi facin da ita da kanta ta ɗinka. Na wuce na ja bambar ɗina. Ina fifita wuta ina satar kallonta. Tana zaune a miƙe, ta haɗe ƙafafu, tana murmushi duk lokacin da aka yi dariya a ciki, alhali na san daga can ba a jin abin da ake faɗa. Na san kujerar nan sarai. Na ɗauki kofina na fita na tsuguna kusa da ƙafarta.

Ba ta dube ni ba. A hankali ta ce, "Koma, ana kiranki."

Har ta gama kwanakinta a Khartum ba ta tayar da maganar ba, ni kuma kullum ina jira. Sai ranar da na raka ta tasha, ta riga ta sa ƙafa ɗaya a mota, ta juyo.

"Rigar nan ta gama aikinta," in ji ta. "Tunda cikin mutane kike fita da ita, zan ɗinka miki wata mai ɗan tsawo."

Ta kuwa aiko da ita bayan girbi. Damuriya ce dai, har idon sawu, ta kuma yi mata aljihu a gefe, wanda ya yi min amfani wajen ajiye ashana.

Ban tabbata ko akwai darasi a labarin nan da zan iya bai wa wani ba. Har yau ina ganin maganar mahaifiyata gaskiya ce, kuma in wata yarinya ta tambaye ni zan ce ta shirya kafin ta fito a gidan mutane. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne akwai ranar da ya kamata a daina, kuma ba wanda zai zo ya sanar da kai ta yi. Ni dai na kusa wuce tawa ina guga.

Habboba ta daɗe da rasuwa, mahaifiyata ma haka. An sayar da gidan Umdurman, matar tela ta bi 'ya'yanta wani gari, labarinta ya yanke min. Yanzu ina da gidana a unguwar Kalakla, da madafa mai murhun gas, tawa ni kaɗai. Yarana sun girma sun watse. Da safe nakan shiga da duk abin da na kwana da shi, kai a buɗe, ba mai yafa tsumma, ba mai dariya. Wani lokaci hankalina kan tafi wani wuri har madara ta tafasa ta zubo a kan murhu. Sai in samu kaina a tsaye, ban kashe wutar ba tukuna, ina jira a ce min, "Ke!"